Ruwan da ke kwanciya a ƙofar ɗakin Hajiya

Ina cikin shekarata ta shida a Madina aka kira ni wani gida a unguwar Sih. Aikina gyaran na'urorin ruwa na gidaje ne: filtar kicin, injin tura ruwa sama, da wadda muke ce wa softana, wato na'urar da ke cire wa ruwa zartsi. Duk wanda ya zauna a tsofaffin unguwanni ya san ruwan da nake nufi. Ka cuɗa sabulu ya ƙi kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, kan shawa ya toshe cikin 'yan watanni. Softana ce maganin wannan. Doguwar silinda ce cike da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi, ruwa ya bi ta cikinsu su riƙe zartsin. A gefenta akwai gangar gishiri. Duk bayan kwana biyu ko uku, a lokacin da aka saita wa agogon da ke kanta, sai ta ja ruwan gishiri ta wanke ƙwayoyin, ta ɗauraye su, ta zubar da dattin ta wani siririn tiyo zuwa magudana. Yawancin ɓacinta a wurin wankin nan yake.

Wanda ya kira ni malamin makaranta ne, ɗan ƙasa, zai yi shekara hamsin. Da Larabci ya yi mini magana a waya, sai da na isa na ga fuskarsa na gane namu ne. Kakanninsa ne suka zo da ƙafa ta Sudan suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amma in na yi masa sai ya amsa da Larabci, ni ma sai na bi shi a haka. Gidan na mahaifiyarsa ne, ita kaɗai take ciki tun rasuwar mahaifinsa. Shi yana can wata unguwa da iyalinsa, amma kullum bayan la'asar sai ya zo. Ya ce mini ana samun ruwa a kwance a baranda, yana so in duba ko na'urar ce ke yoyo.

Na'urar tana wani ɗan ɗakin ajiya a bayan kicin. Ƙofarsa tana buɗewa cikin baranda, kuma taku huɗu daga nan ƙofar ɗakin kwanan Hajiya ce. Na tarar da wurin a share tas, buhunan gishiri guda takwas ko tara an jera su a jikin bango, ƙasa a bushe. Na'urar tsohuwar ƙira ce, irin mai agogon juyawa, maigidan ne ya sa ta tun yana da rai. Na yi abin da na saba. Na goge duk mahaɗin bututu da takardar goge hannu, na tsuguna ina kallon inda zai sake jiƙewa. A wajen makunnin da ke bayan kan na'urar na ga ɗigo yana taruwa a hankali. Na rufe ruwa, na kwance, na tarar robar ciki ta taurare ta tsage, na sa sabuwa. Na ɗaga murfin gangar gishiri na ga gishiri maƙil har baki, na mayar na rufe. Ana jirana a wani gida kafin magariba, hankalina ya riga ya tafi can.

Hajiya tana zaune a kan kujera a ƙarshen baranda duk tsawon aikin, carbi a hannunta, ƙafafunta a kumbure cikin safa. Ta kai tamanin. Da na gaishe ta da Hausa fuskarta ta saki, ta tambaye ni garinmu, na ce Katsina. Ta ce su mutanen Haɗeja ne, ko da yake ba ta taɓa ganin garin ba. Da na tashi tattara kaya sai ta ce, "Ɗana, ba yanzu za ka saurare shi ba. Da hantsi yake kuka."

Ɗan nata ya ce mata da Larabci, cikin taushin murya, ai na'urar ba ta aiki da rana, shi da kansa ya saita ta tana wanki lokacin da kowa ke barci. Hajiya ta ce kuma ruwan yana yin gishiri. Ya je kicin ya taro a kofi ya sha a gabanta, ya miƙo mini na sha. Ruwa lafiya lau. 

A bakin ƙofar gida ya tambaye ni ko ɗigon da na gani zai iya jiƙa baranda. Na ce a'a, ko kofin shayi ba zai cika a yini ba. Ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani, so yake ya tabbatar. Sannan ya gaya mini abin da ban tambaye shi ba. Wata biyu ke nan, in ya zo sai ya tarar da ɗan kafet ɗin ƙofar ɗakinta a jiƙe, ita kuma ta goge tayil ɗin. Tana cewa tana jin kuka a bango, tana cewa ruwa ya yi gishiri. Shi da ƙannensa mata sun yi shawara, suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ta, kuma ruwan ƙofar ɗakin wataƙila ba daga famfo yake ba. Suna so ta koma gidansa, ita kuma ta ce ko gawarta daga gidan nan za a ɗauka. Idonsa ya yi ja yana faɗa. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na manna takardar lambar wayata a jikin silinda kamar yadda nake yi a kowane gida, na tafi.

Bayan kwana tara ina Bi'ir Ali, ina canza filta a bayan wani gidan abinci da motocin alhazai ke tsayawa, wayata ta yi ƙara. Wajen ƙarfe goma na safe ne. Muryar tsohuwa na ji, sai da ta ce gidan Sih na gane ta. Ta ce maƙwabciyarta ce ta karanta mata lambar. Ta ce, "Ga shi yana yi. In za ka zo, ka zo yanzu."

Gaskiya na yi tunanin in ce mata sai na yi magana da ɗanta. Shi ya kira ni tun farko, kuma abin da ya faɗa mini yana raina. Amma ta kara wayar a jikin wani abu, na ji wata ƙara siririya, kamar nishin iska a ƙofar da ba ta rufu ba. Ruwa ne ake matsa wa ta ƙaramar kafa. Na san wannan ƙarar. Na ce wa mai gidan abincin zan dawo bayan azahar, na shiga mota.

Na tarar da ƙofar gida a buɗe, maƙwabciyar, wata dattijuwa 'yar Sudan, tana zaune tare da ita. Hajiya ta hana a taɓa ruwan. Ga shi nan ya fito ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, siriri kamar zare, ya bi layin tayil, ya gangara inda ƙasa ta ɗan kwanta, ya taru daidai ƙofar ɗakinta ya shige ƙarƙashin kafet. Na tsuguna na taɓa na kai baki. Gishiri ne zalla.

Abin da na fara dubawa shi ne abin da ya kamata in duba tun ranar farko, agogo. Ƙarfe goma da rabi na safe, shi kuma yana nuna kusan uku na dare. Na tambayi maƙwabciyar ko an taɓa ɗauke musu wuta, ta ce a farkon zafi an yi aiki a layinsu, wuta ta tafi tun safe sai bayan la'asar. Irin wannan agogo in wuta ta tafi tsayawa yake yi, in ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, babu abin da zai gaya masa an wuce shi. Tun daga ranar, na'urar take wankinta da hantsi, lokacin da ba kowa a gidan sai Hajiya. Kafin la'asar na'urar ta gama, ƙara ta ɗauke, ruwan gishirin da ya shiga bututu ya riga ya wuce a alwala da wanke-wanke.

Amma agogo ba ya kawo yoyo. Na leƙa bayan ganga da fitilar waya. Akwai wata 'yar kafa a gefenta ta sama, wadda aka yi domin in ruwa ya yi yawa ya fita ta nan. Ya kamata a ce akwai tiyo a jikinta zuwa magudana, babu, kuma ta fuskanci bango shi ya sa ba a ganinta. Ta nan ruwan ke tsiyaya. Ƙasan kafar duk ya yi farin ɓawon gishiri, alamar an daɗe ana yi. Na buɗe siririn bututun da ke tsaye a cikin ganga, inda 'yar ƙwallon da ke tsayar da ruwa take. Ruwa ya kai wuya, ƙwallon kuma gishiri ya daskare a sandarta, ba ta motsi ko kaɗan. Tulin gishirin da ke sama ne ya ɓoye mini duk wannan a zuwana na farko, ni kuma ban tona ba.

Saura tambaya ɗaya, me ya sa ruwa ke taruwa a ganga maimakon na'urar ta janye shi. Na bi tiyon zubar da datti da hannu, daga kan na'urar, ya sauka ƙasa, ya bi gindin bango, ya ɓace a ƙarƙashin buhunan gishiri. Na fita na duba inda yake zuba a magudanar tsakar gida. A lokacin wanki ruwa kan fito da ƙarfi, wannan kuwa ɗiga kawai yake yi. Buhunan sun danne tiyon sun latse shi. In hanyar fita ta toshe, na'ura ba ta iya jan ruwan gishiri sosai, ba ta iya ɗauraya sosai, amma a ƙarshen kowane wanki sai ta ƙara wa ganga ruwa kamar yadda ta saba. Kukan, da gishirin da ke baki, da ruwan ƙofa, duk abu ɗaya ne.

Na tambayi Hajiya wa ya jera buhunan. Ta ce ɗanta ne. Da ɗai-ɗai yake kawowa, sai ya ce kada wata rana ya yi tafiya gishiri ya ƙare mata, ya sayo da yawa ya jera da hannunsa, ya cika mata gangar har baki don kada ta sunkuya.

Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce wa maƙwabciyar ta shiga ɗaki ta ɗauko abin da ke saman kabad. Wani ƙunshi ne babba na kantin magani, ba a buɗe shi ba, irin ƙunzugun da ake sa wa manya marasa lafiya. Ta ce 'yarta ce ta kawo makon jiya, ta ajiye ba ta ce komai ba.

"Ni na san jikina," in ji ta. "Amma da suka yi ta faɗa, sai na fara tashi ina shafa zanina."

 Na ce ta yafe mini, ni ma ina da hannu, don maganata ce ta ƙara musu ƙarfi. Ta ce aikina na yi, Allah ya yi mini albarka da na zo. Na kama buhu na farko zan ɗaga, ta ce in bar shi yadda yake, in kira ɗanta tukuna.

Bai iso ba sai da aka tashi makaranta, bayan azahar. Kafin nan na'urar ta gama wankinta ta yi shiru, ni kuma na je masallacin unguwa na dawo. Ya shigo fuskarsa a ɗaure, ina ganin bai ji daɗin yadda na zo gidan uwarsa ba da saninsa ba. Ban yi doguwar magana ba. Na nuna masa agogo, na juya makunnin wanki da hannu don ta sake farawa. Muka tsaya mu biyu a ɗan ɗakin nan mai zafi, gumi yana zuba. Ba a jima ba ƙarar ta taso. Na kai shi tsakar gida ya ga ɗigon, na dawo da shi na haska masa bayan ganga. Na tura na'urar zuwa matakin ƙara ruwa, muka ga ruwan ya leƙo ta kafar, ya sauka, ya nufi ƙofa. Ya bi shi da ido har inda ya saba taruwa. Sannan na ɗaga buhunan ɗaya bayan ɗaya, tiyon ya bayyana a baje kamar an taka shi da mota.

Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar da aka ɗora buhunan.

Hajiya tana kujerarta. Ta ce masa, "Taɓa ka ɗanɗana."

Ya tsuguna da farar rigarsa a kan jiƙaƙƙen tayil, ya sa yatsa ya kai baki. Ya daɗe a tsugune. Daga nan bai miƙe ba, da gwiwa ya ƙarasa wurinta, ya kama hannunta ya kifa goshinsa a kai. Na ji yana cewa Ummi ki yafe mini, da wata Hausa mai nauyi a harshensa. Ta ɗora ɗaya hannun a kansa ta ce ya tashi rigarsa za ta ɓaci. Na koma ɗakin ajiya na ja ƙofa.

Gyaran kansa bai kai awa biyu ba. Na yanke tiyon da ya lalace na sa sabo mai kauri, na ɗaga shi na maƙale a bango inda ba abin da zai danne shi. Na kwashe gishirin ganga a bokitai, na zubar da ruwan, na fasa dunƙulen da ya daskare a ƙasa. Na ciro ƙwallon na jiƙa ta a ruwan ɗumi har ta koma hawa da sauka. Na kwance 'yar ƙaramar kafar da ke jan ruwan gishiri a kan na'urar, na tarar laka ta fara toshe ta, na wanke da tsohon buroshin haƙori. Na sa wa kafar gefen ganga tiyo zuwa magudana, na saita agogo, na nuna wa malamin yadda zai gyara shi duk sanda aka ɗauke wuta. Na ce gishiri kada ya wuce rabin ganga. Shi ya kwashe buhunan ya kai ƙarƙashin bene, ya ɗauko tsumma ya goge barandar da kansa, ya wanke kafet ɗin ya shanya. Ƙunshin kantin maganin na ga ya fita da shi zuwa mota.

Akwai abin da ban gaya masa ba ranar. Muna shan shayi bayan an gama, Hajiya ta dube ni ta tambaye ni garinmu. Na ce Katsina. Ta ce su mutanen Haɗeja ne. Kafin in gama kofi na biyu ta sake tambayata, da murya ɗaya, kamar yanzu ta fara ganina. Ɗan nata yana tsakar gida lokacin. Na amsa mata kamar ban taɓa amsawa ba. A hanyar komawa Bi'ir Ali na yi ta juya abin a raina, ko in kira shi ko in bari. Na ga ni mai gyaran famfo ne, an tambaye ni ruwa na faɗi gaskiyar ruwa, kuma ranar nan tata ce, ba zan rage mata ita ba. Har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Bayan wata shida na koma duba na'urar. Malamin ya gaya mini da kansa cewa likita ya ga mantuwa ta fara shigarta, kaɗan-kaɗan. Amma maganar ɗauke ta daga gidan an bar ta. Ƙanwarsa wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan da zama. Ya ce yanzu in Ummi ta ce ta ji wani abu, sai ya tashi ya duba kafin ya yi magana, kuma sau da yawa akwai abin. Ta taɓa cewa tana jin warin gas, ya duba ya tarar bakin tukunyar bai ɗauru ba.

Azumi biyu ta ƙara yi a gidanta. Ina zuwa duk bayan 'yan watanni, wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta ɗauka ni ɗan ƙanin mijinta ne, ta yi ta yi mini faɗan na daina zumunci. Nakan ba ta haƙuri in ce aiki ne ya yi yawa. Ba ta taɓa barina na fita ba sai an ƙunsa mini dabino.

Wata Talata da safe malamin ya turo mini saƙo cewa ta rasu, za a yi mata salla a Harami bayan la'asar. Na ajiye motata nesa, na ƙarasa da ƙafa cikin alhazai. Gawa huɗu aka sallata a ranar, ban san wacce ce tata ba sai da na hango malamin a gaba ya riƙe makara. Na kutsa cikin mutane na samu na sa kafaɗata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na yi taku goma ko sha biyu, wani bawan Allah da bai san ta ba ya taɓa ni a baya, na matsa masa ya karɓa.